Kansar Fata da Tambayar Gado: Wane Gwaji Ne Zai Amfani Mutumin Dutsin-Ma da Kurfi?

Duk wanda aka yanke wa ƙari aka ce masa kansa ce, idan hankalinsa ya ɗan dawo jikinsa, tambayoyi biyu yake yi. Ta farko ita ce ko abin zai dawo. Ta biyun yakan yi ta ne da murya ƙasa-ƙasa, bayan ya waiwaya ya ga ba kowa a bakin ƙofa: “Likita, yaran nan fa? Ana gadonsa?”

A Amurka da Ostireliya da ƙasashen Turai an daɗe da mai da wannan tambaya ta biyu fannin aiki mai zaman kansa. Wanda ya yi fama da kansar fatar da ake kira melanoma yana iya ba da jini ko yawu a duba ƙwayoyin halittarsa, a gani ko akwai wata tawaya da ya gada, wadda shi ma zai iya gadar wa 'ya'yansa. Masu bincike da suka tambayi irin waɗannan majinyata sun tarar da cewa yawancinsu suna son gwajin, kuma babban dalilin da suke bayarwa shi ne 'ya'ya. Yanzu waya ta kawo labarin har gida. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka yi wa mahaifinsa aiki a ƙafa zai buɗe intanet da dare, ya ci karo da tallan gwajin, da safe ya tayar da maganar a gaban 'yan'uwa. Tambayarsa tana bisa hanya. Abin dubawa shi ne ko gwajin da ake tallatawa shi ne amsarta a wurinmu. Ni dai ganina, a mafi yawan gidajenmu ba shi ba ne, kuma dalilan sun cancanci a bi su daki-daki.

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyi masu samar da launi. Sinadarin da suke fitarwa, melanin, shi ne ya sa muke baƙaƙe, shi ne kuma yake tare mana zafin hasken rana. Idan waɗannan ƙwayoyi suka rikice suka shiga yaɗuwa ba ƙaƙƙautawa, an sami melanoma. Ba ita ce kansar fata mafi yawa ba, amma ita ce mafi saurin bin hanyoyin jiki ta kai huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa. Ƙiyasin sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a 2020 mutum kimanin 325,000 suka kamu, wajen 57,000 suka rasu. Ostireliya da Niyuzilan ke kan gaba, ƙasashen da farar fata ta je ta zauna ƙarƙashin rana mai ƙuna. A Amurka ana lissafin cewa Bature 1 cikin 33 zai kamu a tsawon rayuwarsa, baƙar fata kuwa 1 cikin 1,000.

Wannan tazara ta sa wasu, har da ma'aikatan lafiya, suka ɗauka cutar Turawa ce. Rahotannin sassan duba tsoka na asibitocin koyarwa na Kano da Zariya sun ƙaryata haka. A cikin kansar fatar da ake kawo musu, melanoma tana cikin na sahun gaba, kuma mafi yawanta a ƙafa take fitowa, musamman tafin ƙafa da dunduniya. Tamu ba a fuska ko gadon baya take zama ba, inda rana ke duka. Tana zaɓen wuraren da launi ya yi ƙaranci: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Tun 1967 wani likita mai suna Lewis ya bayyana haka a Yuganda. A 2016 likitocin Japan suka nuna cewa a tafin ƙafar ma ta fi fitowa a inda nauyin jiki ke sauka, wato dunduniya da gaban tafi, abin da ya sa ake zargin yawan matsi da gogayya suna da hannu.

Ga yadda takan zo wa manomi a Karofi ko Birchi. Wani baƙin tabo ne shafal a dunduniya, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Gefensa ba a daidaice yake ba, launinsa wani wuri baƙi wuluk, wani wuri ruwan ƙasa. Mutumin da ƙafarsa ta saba da faso da kaushi ba zai tsaya kallon wannan ba. Bayan damina ɗaya ko biyu tsakiyar tabon ta tasa, ta fashe, ta fara tsattsafo da jini a cikin takalmin roba. Sai a ce ƙaya ce ta karye a ciki, a je wanzami ya tona. Gyambon ya ƙi warkewa, sai a ce ya taka wani abu da aka binne, a koma rubutu da turare. Ranar da kaluluwa ta fito a matsematsi, mai tauri, wadda ba ta sauka, ranar ake neman mota. A lokacin cutar ta riga ta bar ƙafa.

Ba mu kaɗai wannan ruɗu yake ci ba. Bob Marley, mawaƙin Jamaika, a 1977 aka ga baƙin tabo ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka fara ɗaukarsa raunin ƙwallo. Da aka gane melanoma ce aka ba shi shawarar yanke yatsan, bai amince ba. Ya rasu a Mayami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Mutum ne mai kuɗi da suna, likitocin Landan suka duba shi.

To, ina gado ya shigo? Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu melanoma suna da wani ɗan'uwa na jini da ya taɓa yi. Wannan ma ba duka ne gado ba, domin 'yan gida ɗaya launin fatarsu ɗaya, ranar da suke sha ɗaya. A 1994 aka gano wata ƙwayar halitta mai suna CDKN2A, wadda aikinta shi ne taka wa ƙwayoyin jiki birki kada su yi ta rabuwa. Idan aka haifi mutum da ita a lalace, birkinsa ɗaya ya tafi tun daga ciki. A gidajen da melanoma ta kama mutum uku ko fiye, ana samun wannan tawaya a kashi 20 zuwa 40 cikin 100 nasu. Daga baya aka gano wasu, irin su CDK4 da BAP1 da POT1, amma duk sun fi ta ƙaranci. Ita CDKN2A tana kuma ƙara haɗarin kansar fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin.

Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai sha'awar gwajin ya riƙe. A 2002 ƙungiyar masu bincike ta ƙasa da ƙasa ta bi gidajen da ke ɗauke da tawayar, ta duba mutum nawa ne suke kamuwa kafin shekara 80. A Turai kashi 58 cikin 100 ne, a Amurka 76, a Ostireliya 91. Tawaya iri ɗaya, sakamako daban-daban, gwargwadon inda mutum ya zauna da ranar da ya sha. Wato ko a wurin masu ita, gado ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Idan kuma aka bar irin waɗancan gidaje aka koma kan gama-garin majinyata, wanda melanoma ta fito masa sau ɗaya kuma babu kowa a danginsa, masu tawayar ba su wuce 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Shi ya sa ko a ƙasashen da gwajin yake a bakin ƙofa, likitoci ba kowa suke turawa ba. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2009 ita ce a nemi uku: melanoma uku a jikin mutum ɗaya, ko mutum uku a ɓangare ɗaya na dangi masu melanoma ko kansar fankiriyas. A ƙasashen da cutar ba ta da yawa sai a sauko zuwa biyu.

Dole a faɗi alherin gwajin inda yake da shi. A jihar Yuta ta Amurka, inda aka daɗe ana bin manyan gidaje masu wannan gado, an ga waɗanda aka sanar da su sakamakonsu sun ƙara ƙwazo wajen zuwa a duba musu fata, kuma fargabar da aka ji tsoron za ta addabe su ba ta daɗe ba. Sai dai a lura da abin da sakamakon ya jawo: duba fata a kai a kai, da gudun rana. Babu wata ƙwaya da ake haɗiya ta gyara tawayar. Amfanin gwajin duka ya rataya ne a kan samun likitan fata da zai riƙa duba mutum duk wata shida ko duk shekara. Likitocin fata a Nijeriya ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da yawan jama'a, kuma galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa.

Ga wanda ya haɗa kuɗi aka aika da jininsa ƙasar waje, amsa uku ce za ta iya dawowa. Ko an ga tawaya, ko ba a gani ba, ko kuma an ga wani canji da ba a san fassararsa ba. Ta biyun tana yaudara, domin “ba a gani ba” tana nufin ba a ga waɗanda aka sani ba ne kawai. Fiye da rabin gidajen da melanoma ke bi ma haka sakamakonsu yake fitowa, kuma cutar ba ta fasa bin su ba. Ta ukun kuwa mu ta fi faɗa wa. Wani nazari na 2016 ya nuna kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu jinin Turai ne. 'Yan Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin halitta a tsakaninsu, su ne kuma aka fi ƙarancin dubawa. Saboda haka na'ura takan ga abu a jinin Bakatsine, ta laluba rumbun bayanai ba ta sami irinsa ba, ta dawo da amsa mai rikitarwa. Mutum ya sayar da raguna ya sayo waswasi.

Babbar matsalar ma ita ce ilimin nan an gina shi ne a kan melanomar rana da ke kama farar fata. Ta tafin ƙafa tafiyarta daban, rana ba ta da wani babban hannu a cikinta, kuma har yau kimiyya ba ta gano wata ƙwayar gado da za a ce ita ke haddasa mafi yawanta ba. Tsohon da aka yanke wa dunduniya, wanda babu mai irin ciwonsa a dangi, kusan tabbas jininsa ba zai nuna komai ba.

Akwai wani abin da ya fi damuna, wanda ba na jin masu tallan gwajin sun taɓa tunaninsa. Mu mun riga mun san gwajin gado, amma ta ƙofa ɗaya muka san shi: sikila. Yau yarinyar da ba ta gama sakandare ba ta san AA da AS da SS. Limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai an nuna takarda, a Kano kuma tun Mayun 2024 abin ya zama doka. Wannan ci gaba ne na gaske, ya kuma koya mana cewa gwajin jini yana ba da amsa a yanke: AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, a fasa ko a ɗaura. Da wannan kunnen jama'a za su saurari sakamakon CDKN2A, alhali ba haka yake ba. Mai tawayar yana da yiwuwar rabi da rabi ya gadar wa kowane ɗa, ko da wa ya aura. Ɗan da ya gada kuma yana iya tsufa bai ga komai ba. Babu wani haɗin aure da za a kauce wa a tsira.

Amma wa zai tsaya yi wa dangin miji wannan bayani? A garin da ma'aikacin ɗakin gwaji surukin maƙwabcinka ne, takarda ba ta kwana a aljihu. Kalma ɗaya ta isa: gidan su wane suna da daji a jini. 'Yan matan gidan ne za su biya, har da waɗanda ba su gaji komai ba. Amurkawa sun yi doka a 2008 da ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna wa mutum bambanci saboda ƙwayoyin halittarsa. Mu inda abin zai yi mana ciwo shi ne wajen neman aure, kuma babu dokar da za ta tilasta wa uwar miji ta yarda. Duk likitan da zai tura mutum wannan gwaji a nan, wajibi ne ya zauna da shi tukuna ya tambaye shi: in ya fito, wa za ka gaya wa, me kuma za ka yi da shi?

Kada a fahimce ni cewa babu kansar fata ta gado a ƙasarmu. Akwai, kuma tana yawo a gabanmu da rana tsaka, ba ta buƙatar na'ura kafin a gane ta. Zabiya gado ce tsantsa, kuma lissafinta irin na sikila ne sak: uwa da uba duka baƙaƙe, kowannensu yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Wannan kaɗai ya isa ya wanke matan da ake zargi idan suka haifi zabiya, domin rabin abin daga uban ya fito. Nau'in da ya fi yawa a Afirka ana kiransa OCA2. Yaron da aka haifa haka ba shi da rigar da muke da ita. Dubi zabiyan da ya kai shekara 15 yana zuwa gona ko talla: bayan wuyansa ya yi kauri ya yi saƙa-saƙa, leɓensa na ƙasa a tsattsage, a saman kunnuwansa akwai ɓawo-ɓawo masu kaushi waɗanda in an ɓantare suke dawowa. Waɗannan ɓawon su ne matakin farko. Farfesa Anezi Okoro, likitan fata na Inugu, ya duba zabiyoyi 1,000 ya wallafa sakamakon a 1975, ya tarar da tsofaffi kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Abin da ya fi kashe su shi ne kansar saman fata da likitoci ke kira sikwamos. Melanoma ba ta cika kama su ba.

Me zabiyan Kurfi zai ƙaru da shi daga gwajin jini? Shi da kowa sun san matsayinsa. Malfa mai faɗin baki yake buƙata, da riga mai dogon hannu, da man kare fata daga rana, da malamin makaranta da zai zaunar da shi a gaban allo saboda raunin gani, ya kuma ɗauke masa tsayuwar taron safe a rana. Yana buƙatar uban da zai saka shi a sana'ar inuwa, ɗinki ko tsaron shago ko karatu, maimakon noman rani a bakin madatsar Zobe. Yana buƙatar wanda zai duba masa fata sau biyu a shekara ya ƙone ɓawon nan tun suna ƙanana, aikin da ba ya cin minti goma. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa yi wa zabiyoyi maganin kansar fata kyauta a Asibitin Ƙasa na Abuja, bayan fafutukar gidauniyar da Jake Epelle ya kafa, sai dai shirin ya sha tsayawa saboda kuɗi, kuma Abuja ba nan kusa ba ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabiya tun 2015, a 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man kare fata cikin jerin muhimman magunguna. Wannan jeri shi gwamnatoci ke dubawa wajen sayen magani, don haka yanzu akwai hujjar tambayar dalilin da ya sa ba a ganin man a kantin asibitin gwamnati.

Akwai kuma wata cuta da ba ta da yawa amma ta fi tsanani, ana taƙaita sunanta da XP. Fatar yaron ba ta iya gyara ɓarnar da rana ta yi mata. Tun yana shekara biyu fuskarsa za ta cika da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da farare, idanunsa su yi ja, ya riƙa ɓoye fuska daga haske. Binciken Amurka ya nuna haɗarin melanoma ga irin waɗannan yara kafin shekara 20 ya ninka na sauran mutane sau 2,000. Ita ma sai uwa da uba duka sun ɗauko ta, saboda haka ta fi bayyana inda auren zumunci ya yi yawa, mu kuwa auren ɗan wa da 'yar ƙani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A nan shawarar masanin gado tana da amfani na gaske: gidan da aka haifi yaro ɗaya mai XP ya kamata su san lissafin ciki na gaba, su kuma yi tunani kafin su sake haɗa 'yan'uwa aure.

Yawancin gyambon da ke rikiɗa ya zama kansa a karkararmu kuwa ba ruwansa da gado ko kaɗan. Tsohon tabon ƙuna ne, na yaron da ya faɗa murhu lokacin hunturu, ko gyambon ƙwauri da ya shekara 20 ana ɗaure shi da tsumma. Wata rana gefensa ya tasa ya yi tozo ya fara wari. Maganinsa shi ne a rufe gyambo da dashen fata tun bai tsufa ba.

Mutane kan haɗa gwaji uku su kira su da suna ɗaya, kuma rikicin yana jawo asara. Na gado, wanda ake yi da jini, shi muka tattauna. Akwai na biyu, wanda ake yi a kan ƙarin da aka cire, a ga irin lalacewar da ta faru a cikinsa shi kaɗai. Bambancinsu kamar na irin da ya zo da cuta daga rumbu ne da zangarniyar da tsutsa ta shiga a gona: na farko yana bin duk abin da aka shuka, na biyu a kara ɗaya ya tsaya. A 2002 aka gano lalacewa a wata ƙwaya mai suna BRAF, wadda ake samu a kusan rabin melanomar Turawa, a 2011 aka fitar da maganin da ke auna ta kai tsaye. Wannan ba a gadonsa. A melanomar tafin ƙafa kuma ba a cika samun BRAF ba, kimanin 1 cikin 5 ne ko ƙasa da haka. Sai magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin pembrolizumab da aka amince da shi a 2014, wanda aka yi wa tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter amfani da shi a 2015 bayan cutar ta kai masa ƙwaƙwalwa, ya kuma rayu har ya cika shekara 100. Kuɗin allura ɗaya miliyoyin naira ne, ana maimaita ta duk mako uku.

Na ukun, wato duba tsokar da aka yanke a madubi, shi ne mafi araha, mafi muhimmanci, shi ne kuma muke zubarwa. Bayan an yi aiki a asibitin ƙaramar hukuma, sai a saka abin da aka yanke a kwalba, a zuba masa ruwan fomalin, a liƙa filasta a rubuta suna, a miƙa wa ɗan majinyaci tare da takarda, a ce ya kai Katsina ko Kano ko Zariya. Shi kuwa ya riga ya kashe abin hannunsa a kan aiki da magani, ga kuɗin mota, ga hanyar da ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba. Baba ya ji sauƙi, ciwo ya fita. Sai a tona rami a bayan ɗaki a binne, kamar yadda ake yi wa duk wani sashe na jikin mutum. Tare da kwalbar aka binne amsar duk tambayoyin da za a yi nan gaba. Likitan duba tsoka ne kaɗai zai iya cewa melanoma ce ko wani abu. Shi zai auna zurfinta da ma'aunin da Alexander Breslow ya kawo a 1970: ƙasa da milimita 1 labari ne mai daɗi, sama da milimita 4 akwai aiki a gaba. Shi zai faɗa ko wuƙa ta zagaye cutar ko ta bar saura a gefe. A Amurka, waɗanda aka kama tasu tana wuri ɗaya, fiye da 99 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, waɗanda tasu ta bazu zuwa nesa kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Ko gwajin gadon ma ba ya yiwuwa sai da wannan takarda, don ba a fara neman gadon cutar da ba a tabbatar da sunanta ba.

Maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata, tana da tushe a abin da mutane suka gani da idonsu: an yanka, ya dawo, mutum ya mutu. Abin da ba su gani ba shi ne ya riga ya bazu kafin a yanka, ko kuma an yanka an bar rabi. Melanoma tana cikin cututtukan da wuƙa ke warkarwa ɗungurungum idan an zo da wuri.

Wanda ya tsira daga wannan ciwo kuma yake tunanin 'ya'yansa, akwai binciken gado da zai fara da shi ba tare da ko sisi ba. Ya je wurin gwaggo ko inna, tsohuwar da ta san wa ya haifi wa, ya ce: “Gwaggo, a gidanmu wa ya taɓa yin ciwon ƙafa irin nawa? Me ya kashe Kawu wane, yana da shekara nawa?” A rubuta ɓangaren uwa daban, na uba daban. Idan aka sami mutum biyu na kusa, ko wanda ta kama yana ƙuruciya, ko wanda ta fito masa a wurare biyu mabambanta, ko mai ciwon ciki da shawara da aka ce kansar fankiriyas ce, to wannan gida ya cancanci a kai maganarsa asibitin koyarwa a nemi gwajin jini, kuma da majinyacin ake farawa, ba da yara ba. Idan ba a sami kowa ba, kuɗin ya fi amfani a ajiye shi don komawa asibiti a riƙa taɓa matsematsi ana neman kaluluwa, musamman a shekaru biyu zuwa uku na farko da cutar ta fi dawowa.

'Ya'yan kuma a koya musu kallon ƙafa. Muna wanke ta sau biyar a rana wajen alwala, amma kaɗan ne ke juya ta su duba tafin. Ɗigon tawadar Allah a tafin ƙafa da baƙin layi a farce abu ne da ya zama ruwan dare ga baƙar fata, yawancinsu lafiya lau ne. Wanda ake kai wa likita shi ne sabon tabo bayan an manyanta, ko mai girma, ko wanda faɗinsa ya wuce milimita 7, ko layin farce ɗaya tilo da ke faɗaɗa yana malalowa kan fatar gefe. Mata su duba kafin a ɗaura ƙunshi, domin lalle yana rufe daidai wuraren da cutar ke fitowa, tafi da farce, har tsawon makonni. Masu yin ƙunshi da masu yankan farce na kasuwa suna ganin tafin ƙafa fiye da kowane likita a jihar, kuma koya musu waɗannan alamu aikin yini ɗaya ne.

A 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, abin da ya rage wa mutanen wannan yanki dogaro da Zariya da Sakkwato. Daga Dutsin-Ma zuwa can kimanin kilomita 60 ne, Kurfi ta fi haka kusa. Abin da ya rage a haɗa shi ne tsakanin teburin aiki da madubin likitan duba tsoka. Tsokar da ke cikin fomalin ba ta lalacewa a kwana bakwai, saboda haka hukumar kula da asibitocin jiha tana iya sa mota ɗaya ta zagaya manyan asibitocin yankin sau ɗaya a mako ta tattara kwalaben, a haɗa kuɗin gwajin cikin kuɗin aiki tun farko, sakamako ya dawo wa likitan da ya yi aikin ta waya.